Rumbun Inna

Dutsin-Ma, Asabar

Yaya Batula,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Tun da aka yanke layin waya sai dai takarda, ga ta nan a hannun Alu direba.

Aikin ƙungiyar agajin nan ya ɗau zafi. Ma'aikatanmu sun gama zaga gidaje da tambayoyi, ni nake tattara amsoshin. Yanzu kuma an ba ni jadawalin ƙasashe in gwada: cikin mutum ɗari, nawa ne ke cikin matsanancin talauci a Nijeriya, nawa a Nijar, nawa a Indiya. Wallahi Yaya, in kika ga na wasu ƙasashen sai ki gode wa Allah.

Takardun Kurfi sun iso hannuna, har na ga sunan Inna. An rubuta rumbu cike, awaki uku, tukunya sau uku a rana. Ba ta shiga jerin waɗanda za a raba wa hatsi ba, har na yi hamdala. Ranar Juma'a za a rufe jerin.

Ki gaida min Inna da kyau.

Ƙaninki,
Sirajuddeen

Kurfi, Lahadi

Siraju,

Wa'alaikumus salam. Muna nan yadda Allah ya ajiye mu.

Hamdala ka yi? Kai jama'a! Ka san cikin mutanen Indiya, ba ka san cikin uwarka ba. To buɗe kunne.

Shekara biyu ba a taka gonarmu ta bakin daji ba, ka san dalili, ɓarayin daji. 'Yar ta bayan gida kuwa bana ba ta yi abin kirki ba. Rumbun da mutanenka suka leƙa, ƙaiƙayi ne da kara tun daga ƙasa, dami huɗu kawai ta jera a sama. Awakin na Rabi ne maƙwabciya, aro aka yi na yini ɗaya. Tukunya kuma, ruwa zalla take ɗorawa da rana don hayaƙi ya tashi, kada unguwa ta ce gidan marigayi Malam Dalhatu ba a hura wuta ba. Abin da na samo a surfe shi muke rabawa, ni da ita da marayuna biyu.

Ka san abin da ya ƙarasa ta? Suna shigowa ɗayansu ya ce, "Inna, ai ɗanki yana ofishinmu." Shi ke nan. Ta yaya za ta bari a kai takardar yunwarta gaban abokan aikinka?

Tuwon da ka ci da miyar kaza zuwanka na ƙarshe, har kana lasar yatsa, tasarta ta aure aka sayar. Ta sa na rantse ba zan gaya maka ba. Ga shi na karya, Allah ya yafe min. Ƙafafunta sun fara kumbura, ina jin tsoro.

Yayarka,
Batula

Dutsin-Ma, Litinin

Yaya,

Salam. Na karanta takardarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Kunya ta kama ni, ban taɓa jin irinta ba. Kullum na tambaye ta sai ta ce rumbu cike, ni kuma ban taɓa hawa na tura hannu ba.

Na sami shugabanmu. Ya ce ana iya gyarawa, amma sai mai gidan ta dangwala yatsa a sabuwar takarda kafin Juma'a. Ga ta nan, da tawada, da 'yar shinkafar da na samu. Don Allah ki lallaɓa ta. Ki ce mata ba ita kaɗai ba ce, miliyoyi ne a duniya, ba abin kunya ba ne.

Sai na miƙa jadawalin za a sake ni. Ina tafe Juma'a da yamma, mu kai ta asibiti.

Ki roƙa min gafararta.

Sirajuddeen

Kurfi, Talata

Siraju,

Salam. Saƙo ya iso, Allah ya saka.

Na karanta mata. Da na zo wajen miliyoyin nan naka, sai ta ce, "Su miliyoyin, 'ya'yansu ne ke rubuta sunansu?" Ta tura hannunta ƙarƙashin zane. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi. Ta ce shekara arba'in ana aiko yara gidan nan da ƙwarya a ɗebi hatsi, ba za ta tsaya a layi da hannun ɗanta a kan takardar ba.

Shinkafar ta sa na dafa, ta aika wa Rabi rabi, ladan awaki. Loma uku ta ci.

Ba ta yi fushi da kai ba. Cewa ta yi ka yi aikinka da kyau, kada su ga gazawarka. Ni ce dai nake cewa kada ka jira Juma'a.

Batula

Kurfi, Alhamis

Siraju,

Salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Inna rasuwa jiya da hantsi, an kai ta bayan azahar. Alu bai yi lodi ba jiya, ban sami wanda zan aika ba. Ka yi haƙuri.

Gobe sadakar uku. Mata za su ce a hau rumbu a ɗebo geron gumba. Na ce mabuɗin ɗakin da tsani yake yana wajenka, ƙarya dai na yi ta yi.

Ka zo yau da buhun gero, ka shigo ta ƙofar baya. Takardarta kuma ka bar ta yadda ta faɗa. Abin da ta rufe da ranta, kada ya buɗe a hannunmu.

Yayarka,
Batula