Muryata a Bakin Ƙofar Mama

Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya fama da injinan jirgin ruwan naku? Yaya ciwon bayan nan da kake ɓoye mini? Na san waya ba ta shiga in kuna tsakiyar teku, shi ya sa na ɗauki biro, in kun tsaya a gaɓa ka tarar da saƙona.

Jikin Mama ba daɗi. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita idonta ma ya dushe, kunne kawai ya rage mata. Asibiti sun sallamo mu gida, ka kuma san abin da irin wannan sallama take nufi. Gwaggo ce ke jinyarta, ni kuma in na tashi daga aiki in wuce can.

Ga abin da ya sa na rubuto, kuma don Allah kada ka yi dariya. Ni da ka laƙaba wa suna Aku saboda surutu, ni da nake cin abinci da murya, muryata ta ƙi shiga ɗakin Mama. Da safe ina gaban makirfo a tashar jirgin ƙasa ina sanar da jirgin da ya iso da wanda ya makara, murya tar. A falo muna hira da Gwaggo har ta ce in bar ta ta huta. Amma da na taka bakin ƙofar ɗakin sai muryar ta ɗauke. Baki na motsi, ba abin da ke fita. Mama takan juyo da kai ta tambaya wa ya shigo, Gwaggo ta amsa mata. Ko sannu ban iya yi wa uwata ba, Yaya.

Likitan maƙogwaro ya leƙa da 'yar fitilarsa ya ce lafiyata lau. Ya tura ni wurin wata likita wadda ba ta ba da ƙwaya, ba ta yin allura, aikinta sauraro. Ɗakinta ba komai sai doguwar kujera, da kwalin tishu, da agogon da aka juya yana kallonta ita kaɗai. Ta ce in kishingiɗa in faɗi duk abin da ya zo bakina, ko da shirme ne. A cewarta kowane mutum yana da wani ɗaki can ƙasan zuciya inda yake tara kayan da bai san ya tara ba, kuma in baki ya kasa faɗa sai jiki ya faɗa. Ta kuma ce in riƙa kawo mata mafarkaina. Ni kuwa ka san barcina, kamar an jefa dutse a rijiya.

Na tambaye ta yaushe zan warke, ta ce irin wannan aiki ba a yi masa gaggawa. Na ce mata ni ba ni da lokaci, Mama ma ba ta da shi. Tsoro nake ji ta tafi ba ta ji bakina ba.

Ka sa mu a addu'a. Gwaggo na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Aku

Yayana,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Ina fata kana lafiya, kuma teku ta yi muku sauƙi. Amsarka ta iso, na gode da addu'a, na kuma gode da shawarwarin injiniya. Duk na gwada su.

Na ɗauki muryata a waya a falo kamar yadda ka ce. Da na saurara sai na ji muryar tasha ce sak, saura kaɗan in ce fasinjoji su kula da kayansu. Duk da haka na kunna wa Mama. Ta yamutsa fuska ta ce a kashe rediyon nan, yana sara mata kai. Na rubuta takarda Gwaggo ta karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya ko mai takardar tafiya ta yi. Ina zaune a gefen gadon riƙe da hannunta.

Bari in ba ka labarin abin kunyar da na yi wurin likita. Da na je sau biyu ba mafarki sai nauyi ya kama ni, ka san ba na iya zuwa wurin mutum hannu rabbana. Sai na fara ƙirƙira. A motar haya nake zama in tsara mafarki mai kyau, da farko da ƙarshe. Na kai mata na kasuwar da kowa ke ciniki da ishara. Na kai mata na jirgin da ya shigo tasha ba ƙara, ina biye da shi riƙe da takalmana a hannu. Na kai mata wanda nake ɗauke da tiren kofuna a wani dogon baranda ina addu'ar kada su yi ƙara. Tana ji tana gyaɗa kai, ni kuma ina jin daɗi na zama marar lafiya mai ƙoƙari.

Ran nan abin ya ishe ni. Na tashi zaune na ce mata duk ƙarya ce, ni na shirya su, ta yi haƙuri na ɓata mata lokaci. Na zaci za ta ɓata rai. Sai ta ce ba komai, mafarkin da mutum ya ƙirƙira ma daga ɗaki ɗaya yake ɗebo kaya, tun da cikin dubban ƙarairayi waɗannan na zaɓa. Sannan ta yi mini tambaya ɗaya: a duk labaran nan, wa nake tsoron tayarwa daga barci?

Yaya, sai na ji ƙamshin man zafi. Ka tuna shekarar da aka haifi ƙaninmu bai zauna ba? Ban ma shiga makaranta ba a lokacin. Ka tuna yadda Mama ta shige ɗaki aka saki labule, wata da watanni, da tsumma a goshinta? Baba yana wurin aiki, kai ne babba. Kai kake cire mini takalmi a bakin ƙofa, ka sa yatsa a leɓe. In na shiga na zauna a ƙasa kusa da gadon ban ce uffan ba, takan miƙo hannu ta ɗora a kaina. In na yi magana kuwa, sai ta juya ta fuskanci bango. Ban ga laifinka ba, kai ma yaro ne, abin da ka ga zai taimaka ka yi. Amma a nan na koyi cewa in ina son hannun nan a kaina, to in yi shiru. Surutuna duk waje na kwashe shi na kai, ka samu abin tsokana.

Yanzu ga ta kwance, ga labule a sake, ga man zafin da Gwaggo ke shafa mata. Ashe jikina bai manta ba.

Na fito daga wurin likita da gudu-gudu, ina cewa tun da na gano, shi ke nan. Na isa gida, na zuge labulen, na shiga da takalmana. Na buɗe baki. Babu, Yaya. Na koma na gaya wa likita cikin fushi cewa saninta bai tsinana mini komai ba. Ta ce ƙwaƙwalwa takan gane da wuri, jiki ne ke daɗewa bai yarda ba. Gaskiya ce wataƙila, amma Mama ta daina cin abinci.

In akwai yadda za ka yi ka sauka, ka taho.

Taka har kullum,
Aku

Yayana,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Allah Ya jiƙan Mama, Ya sa ta huta, Ya ba mu dangana. Na san saƙon kamfaninku ya riga wannan takarda isa gare ka. Kada ka zargi kanka da rashin zuwa, ni da nake nan me na yi? Yaya jikinka, kana dai cin abinci?

Ka ce in gaya maka yadda ƙarshenta ya kasance, kada in rage komai. To.

Ana gobe za ta rasu, da la'asar, ta farka garau kamar ba ita ba. Ta nemi ruwa, ta tambaye ka, ta yi wa Gwaggo tsiya a kan yawan man zafi. Gwaggo ta fita ta bar mu. Mama ta lalubo hannuna, ta gane zobena, ta kira ni. Ta ce in yi mata magana, ko me na ga dama, ko da sanarwar jirgi ce. Na yi iya yina, Yaya, wallahi na yi. Na yunƙura har jijiyoyin wuyana suka yi ciwo, iska kawai ke fita.

Ta jira ni, ta daɗe tana jira. Sannan ta shafa bayan hannuna ta ce ba komai, in daina wahalar da kaina. Ta ce ta daɗe da sanin tun ina ƙarama ba na son yi mata magana. Kowa yana jin muryata, maƙwabta, da kai, har matafiyan da ba su san ni ba, ban da ita. Ta ce ba ta riƙe ni ba, ta san ita ta ja, domin lokacin da nake bukatar uwa tana kwance tana kallon bango. Ta roƙe ni gafara.

Ka ji fa. Ni na yi shiru don ta so ni, ita kuma ta ɗauka shirun ƙiyayya ne. Na girgiza kai da ƙarfi, amma ba ta gani. Na ɗauki hannunta na ɗora a kaina yadda take yi da, ko za ta gane. Ban sani ba ko ta gane. Barci ya ɗauke ta, kuma ba ta sake farkawa cikin hayyacinta ba.

Bayan masu ta'aziyya sun watse na shiga ɗakin in cire zanen gado. Ina ninkewa sai na ji wata ta ce Mama, da ƙarfi, har na waiwaya. Ni ce. Muryar ta zo ba tare da na nema ba. Na zauna a ƙasa na gaya wa katifa duk abin da ke cikina, har Gwaggo ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka.

Na koma aiki. Ina zuwa wurin likita har yanzu, ban ma san dalili ba. Na ce mata ga shi na warke, sai dai ban san abin da zan yi da warakar ba. Sai ta turo mini kwalin tishu. Yanzu ina mafarki na gaske, kuma ba na son ko ɗaya.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kai ka fi ni hira da ita. In ta taɓa gaya maka, ko sau ɗaya, ko da wasa, cewa ta san ina sonta, ka rubuto mini. In ba ta taɓa faɗa ba, kada ka ƙirƙira don ka faranta mini, zan gane. Na san yadda ake yi.

Allah Ya dawo mini da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Aku