Kudurin ruwan gonar gwaza

Zuwa ga Yaya Pualei,

Gaisuwa mai yawa daga Las Vegas. Yaya ƙafar Mama? Yaya yara da aikin gona? Ina nan lafiya, aikin rufin gidaje na tafiya. Gadon bayana ne ke ɗan yi min gardama, na kwana biyu ban hau sama ba, amma kada ki gaya wa Mama.

Na ji murnarki cewa kudurin Sanata Paikuli na maido da ruwan rafinmu ya wuce kwamiti. Yaya, ki rage murna. Ban yi boko mai zurfi ba, amma wanda ya kafa kamfaninsa da guduma ɗaya ya san ciniki. Kin san halin majalisar jiharmu da ke Honolulu: sai su bar lambar kuduri yadda take, su kwashe cikinsa su zuba wani abu daban. Me ya sa kamfanin otal ɗin da ke tare ruwan ya yi shiru haka? Da na kira ofishin sanatan, sakatariyarsa ta ce, "Kawu, kwantar da hankalinka, ɗan gyara aka yi." Wane gyara?

Kafin ki hau jirgi ki je ba da shaida, ki sa a karanta miki sabon rubutun kudurin gaba ɗaya. Kada ki goyi bayan lamba kawai. In ruwan ya tafi da amincewar bakinki, gwazar Baba ta mutu, ni kuma ban san inda zan koma ba.

Allah ya tsare ku. Ki aiko min da busasshen kifi.

Ƙaninki,
Nainoa