Yatsun Baba Sun Farfaɗo

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara rufa asiri, ya yi wa aikinka albarka. Mu nan lafiya lau. Umma na nan da hayaniyarta, Yaya Babba kuma ta sauka lafiya, an sami mace mai kama da kai, har kunnuwan.

Na san hankalinka na kan Baba tun da na gaya maka yana shirin rufe shagon gyaran agogo. To, kwantar da hankalinka. Ka tuna yatsunsa sun yi ta mutuwa, tafin ƙafarsa kuma kamar ana tsira masa ƙaya. Ƙananan kusoshin nan da yake ɗauka da hantsaki sai su suɓuce, ya yi ta lalube a tebur. Ranar da ya fasa gilashin agogon wani tsohon abokin cinikinsa, ya dawo gida ya ce tsufa ne, shi kam ya gama. Ko abinci bai taɓa ba.

Da ƙyar muka ja shi asibiti, ni da Umma. Likita ta sa aka ɗebi jininsa, ta ga bitamin B12 ya yi ƙasa ƙwarai a jikinsa. Ta ce maganin ciwon sukarin da ya daɗe yana sha yakan hana hanji tsotse bitamin ɗin, alhali jijiyoyi da jini ba sa yi sai da shi. Akwai nau'in bitamin ɗin da sai jiki ya sarrafa shi tukuna, in ji ta, akwai kuma metilkobalamin, wanda a siffarsa jiki ke aiki da shi. Duka suna magani, amma allurar wannan ta rubuta masa. Baba ya gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki, da ya ji an ambaci allura kuwa sai ya fara neman hularsa. Umma ta tare ƙofa, ta ce wanda ya tsufa yana yi wa agogon mutane tiyata ba zai kunyata ta a kan ɗan tsinke ba.

Sauƙin bai zo da wuri ba, sai da aka sha makonni. Wata safiya ya sa na raka shi shago. Ya share ƙurar tebur, ya maƙala madubin idonsa, ya buɗe cikin wani agogo, ya ɗauki kusa ya ɗaura ta a tashi ɗaya. Sai ya kara mini agogon a kunne, na ji yana bugawa. Yaya, hawaye na yi.

Yatsun ƙafarsa ba su gama dawowa ba, likita ta ce jijiya a hankali take warkewa, kuma kada ya bar maganin sukarinsa. Sunan allurar ya gagari bakinsa, Malam Kobala yake kiranta, duk wanda ya shigo shago sai ya sha labarinta.

Ka gaida Antinmu, da 'yan biyu, da Kawu Dogo in kun haɗu. Baba ya ce a gaya maka ya sa madubinsa ya dubi hoton da ka turo, ya ga agogon hannunka a tsaye yake, ado kawai kake yi da shi. Wai ka aiko masa da shi ya gyara, kada ka ba shi kunya a garin mutane.

Taka har kullum,
Ƙanwarka, Auta