A Dawo wa Inna da Wandon Yaya Ilu

Zuwa ga Alhaji mai kamfanin da ya shirya fim ɗin rayuwar marigayi Ilu mai gudu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Hajara, malamar Islamiyya ce ni a Yalwawa, cikin Dutse. Ni ƙanwar Yaya Ilu ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na kawo maka ruwa ranar da ka zo gidanmu a Jahun. Sau biyu ina aika maka saƙo a asirce, shiru kake ji. To tunda a fili ka fito da mu, ni ma ga ni a fili.

Bari in tuna maka abin da muka gaya maka. Jiharmu tana sabuwa Yaya Ilu ya fara gudu a kan titin Jahun, bayan sallar asuba, kafin ya wuce gona. Mahaifinmu malamin makarantar allo ne, kowa ya zaci zai hana. Bai hana ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: daga cibiya zuwa gwiwa kada ido ya gani. Inna ta sayo farin yadi ta ɗinka masa dogon wando da hannunta, har idon sawu. Da shi ya je tsere Dutse, da shi ya je Kano. Sauran 'yan tsere da gajerun wandunansu suka yi ta masa dariya. Masu shirya gasa suka ba shi irin nasu kyauta, ya linke ya mayar musu, ya yi godiya. Ilu Dogon Wando suka sa masa don tsiya, da ya fara barin su a baya kuwa sunan ya zama kirari.

Bayan rasuwarsa ka zo, a ranin da ya biyo bayan ƙaddamar da shari'a. Ka zauna a tabarmar Inna, ka ce kana so duniya ta san ɗanta. Ta buɗe akwati ta ɗauko wandon ta miƙa maka. Ka ce sati biyu. Yau damina biyu ta wuce.

Ga kukana.

Na ɗaya, wandon ba ya cikin fim ɗin. Yaron da ya fito a matsayin Yaya Ilu jan gajeren wando ya sa tun daga farko har ƙarshe. An gaya mini cewa kuka yi dogon wando bai yi kama da na ɗan tsere ba, masu kallo za su yi dariya. Haba Alhaji, ai dariyar nan ita ce labarin. Shekara da shekaru ana masa ita yana wucewa.

Na biyu, abin da mutane ke faɗa. Ba zan yi maka ƙarya ba, da yawa sun yaba. Ɗalibaina manya sun ce sun yi kuka a wurin da ya faɗi ya tashi ya ci gaba. Maƙwabcina ya ce rabon da ya ga fim babu rawa babu waƙa har ya manta. Na ji daɗi. Amma a wani gidan suna nan Yalwawa, wata mata da ba ta san ni ba ta ce, “Wai ɗan malami guda, cinya a waje, uban kuma yana can yana karantar da 'ya'yan mutane.” Aka yi ta tsaki, aka ce shi ya sa zamani ya lalace. Ina zaune da kwanon waina a gabana, na ture shi gefe. Ka san lokacin da muke ciki, ka san ma'aunin da ake auna mutum da shi yanzu. Baba Malam yana kabari, Yaya Ilu yana kabari, wa zai ba ta amsa? Mutum ɗaya na ji ya faɗi daidai, wani tsohon direban motar Jahun da ya sha wuce shi a hanya da sassafe. Cewa ya yi, “Yaron yana da ƙafa, amma wannan ba Ilu ba ne. Ilu tun daga nesa farin wandonsa kake fara hangowa.”

Na uku ba ƙara ba ce, sai dai in faɗa don kada in zalunce ka. Sau huɗu ina karɓo hayar kaset ɗin nan. Akwai wani wuri da kuka ɗauki yaron ta baya, daga kafaɗa zuwa sama, yana gudu tsakanin gonakin gero. Yadda yake karkata kai hagu, wallahi sak. Nan nake mayar da kaset baya in sake kallo, in sake. Ina kewar ɗan'uwana, Alhaji. Ina kewar ƙarar ƙafarsa a zaure idan ya dawo, yana haki yana tambaya ko an dama kunu.

Na huɗu shi ne dalilin wasiƙar nan. Idon Inna ya tafi, ba za ta taɓa ganin fim ɗinka ba. Da can duk Juma'a takan ɗauko wandon ta ɗora a cinya, ta bi ɗinkinta da yatsa har ta kai facin gwiwar dama, sannan ta yi masa addu'a ta mayar. Yanzu akwatin take buɗewa ta laluba, ta rufe. Ran nan ta tambaye ni, “Hajara, a fim ɗin ya sa shi?” Na ce ya sa. Ni da nake koya wa yara illar ƙarya, na yi wa uwata ita, kuma ta yi murmushi ta sa maka albarka. Wannan albarkar tana wuyanka, ƙaryar tana wuyana.

Roƙona biyu ne. Ka fito ka gaya wa masu kallonka cewa Ilu bai taɓa gudu da gwiwa a buɗe ba, kuskuren naku ne. Sannan ka sa a duba cikin kayan wasanku a nemo wandon. Fari ne da ya koma ruwan ƙasa, mazaginsa baƙi. Ko ya yage a kawo shi haka. Gidan ka san shi, ƙofarmu ba ta canja ba.

Allah ya ƙara wa sana'arka albarka, ya tsare ka daga haƙƙin mutane, ya ja kwanan mahaifiyarka idan tana raye, ya jiƙan ta idan ta riga mu.

In an same shi, don Allah kada a wanke. Inna ba ta taɓa wanke shi ba tun gudunsa na ƙarshe, kuma da hanci za ta fara gane shi.

Wassalam.

Hajara, ƙanwar Ilu Dogon Wando,
Yalwawa, Dutse.