Bagaruwa da Kaki Saboda Ɓarawon Tantabarunka

Zuwa ga mahaifina, Malam Ɗanjuma maharbi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta 'ya ga ubanta, da fatan makwancinka yana da sanyi da yalwa, ƙara na kawo maka, Baba. A garin nan ba ni da wanda zan kai wa ita sai kai, don duk wanda na faɗa wa sai ya danne dariya.

An cinye maka tantabaru.

Goma sha ɗaya ka bar mana, a ɗakin katakon da ka buga da hannunka a bayan gidanmu na unguwar Stapleton a nan ƙasar waje, shekarar da muka kawo ka ganin likita ka ƙi zaman falo. Tun da muka kai ka makwancinka ni nake zuba musu gero kafin in fita aiki. In sun yi kukan nan nasu da asuba, sai in ji kamar kana bayan gida kana tari.

Ɓarawon wata dabba ce da ake kira rakun. Ba ka san ta ba, don a zamanka ba ta taɓa kusantar gidan ba, matsoraciyar banza, sai da ta ga babu kai. Kamar tunku take amma ta fi shi ƙiba, fuskarta da baƙin zane kamar ɗan fashi, ga hannu irin na mutum da take zare sakata da shi. Da ma don yunwa take yi da na yi haƙuri. Sai ta kashe uku ta ci rabin ɗaya. Cikin mako biyu suka koma huɗu.

Surukinka ya ce in bar wa Allah, tsuntsu ne. Na ce masa ni ma Allah na bar wa, amma ta hannuna zai saka mini.

Wani tsoho maƙwabcinmu, mai lasisin kama irin waɗannan dabbobi, shi ya sayo mini tarkuna uku na ƙarfe, masu kama da bututu, waɗanda in ta zura hannu su riƙe. Suka zo fari fat, suna ƙyalli, suna warin man masana'anta. Ina ganinsu na tuna zaurenmu na gida, da abin da kake faɗa wa yayyena: "Ƙarfe magulmaci ne, duk wanda ya taɓa shi sai ya faɗa wa naman daji." Su ka koya wa, ni mai kawo ruwa ce. To yau duk sun zama 'yan kasuwa, mai kawo ruwan ce ta riƙe karatun.

Na tafasa su da ruwan toka har maiƙon ya taso na kwashe. Na bar su kwana biyar a raɓa suka yi jan tsatsa kaɗan, tunda na san rini ba ya kama ƙarfe mai santsi. Bagaruwa kuwa sai da na hau jirgin ruwa na tsallaka har unguwar Harlem, shagon wata 'yar Maraɗi. Da ta ga yawan da na saya sai ta hau yi mini barka, ta ɗauka haihuwa aka yi a gidan. Ban gyara mata ba.

Na daka bagaruwar, na zuba a tsohuwar tukunya, na jefa tarkunan. Ruwan ya yi ja, ya yi duhu, ƙarfen ya fito baƙi wuluk kamar naka. Wallahi ina juya su da sanda ina jin daɗi irin wanda bai kamata musulma ta ji ba. Sannan na narka kakin zuma, na tsoma su ɗaya bayan ɗaya da ƙugiya, na jira har ƙarfen ya ɗauki zafin kakin kafin in ɗaga, don kar ya yi kauri ya daskare a kan harshen tarkon. Ko yatsana bai taɓa su ba.

Amma 'yarka ta ba ka kunya. Da hadari ya taso sai na kwashe su daga igiya na rataye a ɗakina. Ɗakin da kullum da magariba nake saka kasko. Kwana uku tarkunan suna shan turaren wuta kamar kayan amarya, ni kuma hancina ya saba, ban ji komai ba.

Washegarin da na ɗana, na fito na tarar rakun ɗin ta tono duka ukun ta kifar, ta yi kashi kusa da na tsakiya, ta ɓalle katako ta baya ta kashe tantabaru uku. Har da farin nan mai gashin ƙafa da kake kira Sarkin Fada. Na zauna a ƙasa da kayan aikina na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka.

Saura mace ɗaya. Na toshe kowace kafa, na kulle ta, na sake komai daga farko. Toka, raɓa, bagaruwa, kaki. Na ɓoye kaskon, na daina shafa ko man hannu, na rataye tarkunan a reshen bishiya cikin ruwa da iska. Kwana ashirin gidana babu ƙamshi. Surukinka ya yi mita har ya gaji.

Shekaranjiya da safe na sami rakun ɗin, hannunta na dama a cikin baƙin ƙarfe. Ta tone ƙasar wurin kaf, tana huci tana nuna mini haƙora. Kai kakan ce maharbi ba ya fushi da nama, ka kama ka yanka ka yi bismillah. Ka yafe mini, Baba, ni ba maharbiya ba ce. Na tsaya a kanta na kira mata sunan tantabarunka goma ɗaya bayan ɗaya kafin in buga wa tsohon ƙofa ya zo ya ɗauke ta. Ko ɗigon tausayi ban ji ba, kuma har yanzu ban ji ba.

Daga nan na je na buɗe wa macen ƙofa, na ce fito, gida ya zama naki. Ta fito ta tsaya a kan rufin tana leƙe-leƙe. Ta yi kira, babu mai amsawa. Ta tashi ta zaga gidan sau biyu, ta miƙe ta wajen ruwa.

Yau kwana biyu. Geron yana nan yadda na zuba shi.

Tsohon ya ce irinsu ba sa zama su kaɗai, akwai 'yan uwanta a ƙarƙashin rumfar gidan baya. Surukinka ya tambaye ni me kuma zan kare, tunda ɗakin babu kowa. Na wanke tarkunan, ragowar bagaruwar tana kan wuta yanzu haka da nake rubuta maka.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. In da rabo, ya juyo mini da tantabarar gida. In babu, ya sa ta faɗa hannun mai tausayi, ya kuma yaye mini wannan abin da ke cin zuciyata, amma bayan na gama.

Taka har kullum,
Balaraba