Tiyon birkin motar Baba

Asiya,

Na fita kina barci. Kada ki tuƙa motar nan yau, ko kunna ta kada ki yi.

Da safe zan kai Inna likita, na taka birki a bakin ƙofa, sai ƙafata ta nutse har ƙasa. Allah ya sa ba mu hau titin gudron ba. Na duƙa na ga man birki yana ɗiga ta bayan tayar hagu. Da Gado bakanike ya zo, ya ce, "Tiyo ne ya tsage, dutse ya buge shi. Wa ya shiga daji da ita?"

Ni dai ban shiga ba. Amma na tarar an matso da kujerar direba gaba, ga ƙaya a jikin taya, kuma kaf gidan nan ke ce gajeruwa.

Maƙwabcinmu Félix zai kai mu. Ban gaya wa Baba ba tukuna. Gado zai kawo sabon tiyo bayan azahar. Ki tsaya ki riƙa taka masa birki in zai fitar da iska daga tiyon, tunda kin iya.

Yayanki,
Tanimun