Rahoto a Kan Fuskar Mamaciya

Daejeon, Litinin

Zuwa ga Umma,

Gaisuwa mai yawa. Ya ciwon gwiwar? Ina fata Baba yana shan maganinsa. Kimchin, kabejin nan mai yaji da kika aiko, ya iso lafiya, bai zube ba.

Kin tambayi aikina na farko. Gidan jana'iza kamfaninmu na manhajar kwamfuta ya tura ni. A ƙofar kowane ɗakin makoki akwai allo mai nuna hoton mamaci da sunayen 'ya'yansa, kwamfutar ofis ke sarrafa shi. Manhajarmu tana rubuta rahoton duk abin da ta yi, amma ba a faɗa mata inda za ta ajiye shi ba. Ranar Asabar sai ta watso shi a allo, daidai kan fuskar wata tsohuwa, 'ya'yanta na tsaye suna karɓar gaisuwa. Mai gidan ya ce in aka kuma, mu kwashe kayanmu.

Oga Bang, shugabana, ya ce, "Ke 'yar boko, toshe wa manhajar baki kawai mu je cin abinci. Matattu ba sa karatu." Na iya toshewar. Amma Umma, in ta yi shiru ranar da abu ya lalace, wa zai sani? Sai na raba: ƙananan saƙonni su tafi fayil, na matsala su fito a kwamfutar ofis da ƙararrawa, allon ƙofa kada ya ga komai. Ya amince yana tsaki.

'Yarki,
Hyeon-ju

Daejeon, Alhamis

Umma,

Ina gaishe ki da Baba. Ni ƙalau nake.

Da safen nan ƙararrawar ta buga. Saƙon ya ce sabon hoton ɗaki na biyu bai buɗe ba. Madam Gu, ma'aikaciyar ofishin gidan, ta ruga, ta tarar da fuskar tsohon da aka binne jiya a kan sunayen wasu 'ya'yan daban. Matar sabon mamacin tana ƙasa tana cire takalmi. Kafin ta hauro an gyara. Mijinta ta gani, ta shafa allon.

Oga Bang ya ce, "To, sarkin tsoro, rage ƙarar dai, kada Madam Gu ta bi mamatan." Na rage. Mai gidan bai sake zancen kwashe kaya ba.

Gishirin da kika ce in riƙa watsawa a kafaɗa kafin in shiga ɗakina, don kada sharrin gidan makoki ya biyo ni, ya kusa ƙarewa. Ki aiko da wani, da alama zan daɗe ina zuwa gidan nan.

Taki har kullum,
Hyeon-ju